Lissafin Kayan Farautar Baka Daga Nama Yake Farawa

Tambayar da aka fi yi mini, duk lokacin da aka ji cewa ina shiga tsaunukan yammacin Amurka farautar manyan namun daji da baka, ita ce wane irin baka ya kamata mutum ya saya. Ina fahimtar dalilin tambayar, domin baka shi ne abin da ido yake fara sauka a kansa, shi ne kuma ake ratayewa a gaban kanti don jan hankalin mai saye. Sai dai bayan shekarun da na yi ina kwana a cikin waɗannan dazuzzuka, amsar da nake bayarwa ita ce a jingine maganar baka tukuna, a fara da tambayar yadda za a fito da naman idan Allah ya ba da sa'a. Wanda ya amsa wannan tambaya tsakaninsa da Allah zai tarar ta riga ta zaɓa masa jakarsa da takalminsa da wuƙarsa, ta kuma yanke masa iyakar nisan da ya kamata ya shiga.

Dabbar da na fi nema ita ce elk, wadda dangin barewa ce amma ta fi gwanki girma. Bijimin da ya ƙosa yakan haura kilo 300 yana raye, kuma idan aka feɗe shi aka zare ƙasusuwa, tsokar zalla takan kai kusan kilo 100. Lokacin farautarta da baka a jihohi irin su Kolorado da Aidaho da Montana yakan faɗo ne a watan Satumba, lokacin barbara, sa'ad da bijimai suke wani irin kuka mai kama da busa wanda ake jiyowa daga wannan tsauni zuwa wancan. Wuraren da dabbobin suke fakewa idan mafarauta suka yi yawa su ne masu nisa da hanyar mota, kuma a yankunan da aka keɓe ƙarƙashin dokar kare ƙungurmin daji ta 1964, irin su Bob Marshall a Montana da Flat Tops a Kolorado, an hana shiga da mota da babur, har ma da keke da amalanke. Saboda haka, in dai mutum ba shi da doki ko alfadari, duk abin da ya shiga da shi, da duk abin da zai fito da shi, a bayansa zai hau.

Lissafin ba shi da wuya, amma mutane da yawa ba sa yin sa sai bayan dabba ta faɗi. A ce an harbi bijimi a nisan kilomita 6 daga inda aka ajiye mota, kuma mafarauci shi kaɗai ne. Idan zai iya ɗaukar kilo 30 zuwa 35 a kowace tafiya a kan gangare mai duwatsu da faɗaɗɗun itatuwa, naman zai ci tafiya uku, ƙahoni da tanti da sauran kayan kwana su ci ta huɗu. Fita huɗu da kaya da komawa uku ba kaya sun zama kilomita 42, kuma duk tsawon wannan lokaci naman da ya rage a daji yana jiran sa, rana tana fitowa tana faɗuwa a kansa.

Ban san nauyin wannan lissafi ba sai a shekarar da na fara samun bijimi. Na harbe shi dab da faɗuwar rana, na same shi kwance a cikin wani kwazazzabo bayan duhu ya fara shiga. Wuƙa ɗaya gare ni, ba ni da abin wasa ta, kuma kafin in gama gefe ɗaya gashin dabbar da kaurin fatar wuyanta sun dakushe ta. Fitilar goshina ta fara dusashewa, ba ni da wani batir. Sai na yanke shawarar barin gefen da yake ƙasa zuwa safiya, ina ganin sanyin dare zai tsare shi. Da gari ya waye na juya dabbar na buɗe cinyar, wani wari mai tsami ya bugi hancina daga wajen ƙashin ƙugu, naman da ke kewaye da ƙashin ya sauya launi ya yi kore-kore. Fatar elk da ƙasar da take kwance a kai sun riƙe zafin jikinta dare guda, sanyin iska bai kai can ciki ba. Na zauna a kan wani kututture na daɗe ban motsa ba, domin na ɗauki ran dabba na kuma bar wani kaso na namanta ya lalace saboda abubuwan da duka nauyinsu bai kai rabin kilo ba. Wani dattijo da ya girmi mahaifina, wanda ya taimake ni fitar da sauran, ya dubi jakata marar firam da madaurinta da ya fara tsinkewa ya ce, “Ɗana, ka kashe kuɗinka a kan abin da zai yi aikin daƙiƙa ɗaya, ka bar abin da zai yi aikin kwana biyu.” Na ce masa, “Gaskiya ne, Baba,” domin ba ni da abin da zan ƙara.

Tun daga nan jakar goyo ta zama abu na farko da nake dubawa. Wadda ta dace da wannan aiki tana da firam mai tauri, kuma ana iya raba buhun da firam ɗin a cusa nama a tsakaninsu, ta yadda nauyi zai manne da gadon baya maimakon ya riƙa rinjayar mutum ta baya. Ɗamarar ƙugu ita ce zuciyar jakar, domin a kan ƙugu mafi yawan nauyin ya kamata ya zauna, kafaɗu kuwa aikinsu hana kayan karkacewa ne kawai. Tsawon firam dole ya dace da tsawon bayan mai shi, kuma ƙananan madaurai biyu da suke tasowa daga saman kafaɗa zuwa kan firam ba za su yi amfani ba sai firam ɗin ya ɗara kafaɗa tsawo. Ga tafiyar kwana biyar zuwa bakwai, buhu mai cin lita 70 zuwa 90 yakan wadatar. Kowace jaka daɗi gare ta idan babu komai a ciki, don haka ba na yarda da wata sai na ɗura mata buhun yashi na kilo 30 na hau tudu na sauko da ita sau da yawa, na ji inda take cizo da inda take ƙara. Jakar da take ƙugi a kowane taku za ta kori dabba kafin a gan ta.

Kayan fiɗa suna zaune a cikin wata 'yar jaka tasu daban wadda ba ta barin jikina ko da zagayen awa ɗaya zan yi daga tanti. A ciki akwai wuƙa mai ruwan da ake cirewa a sa sabo, wadda kaifinta kamar na aska ne amma takan karye idan aka murɗa ta a gaɓa, da kuma wata gajeriyar wuƙa mai ƙwari tare da ɗan dutsen wasawa, don raba gaɓoɓi da yanka fatar wuya. Akwai buhunan nama guda biyar na yadi marar nauyi wanda iska take ratsawa amma ƙuda ba ya iya yin ƙwai ta cikinsa, da igiya siririya mai ƙarfi kamar mita 15, da shimfiɗar leda don ɗora nama kada ya taɓa ƙasa, da safar hannu, da fitilar goshi ta biyu da batiranta. Leda ta shimfiɗa ce kurum. Wanda ya ƙulle nama mai ɗumi a cikin leda ya dafa shi da kansa, domin zafi da laima ba su da hanyar fita. Ƙwayoyin cuta suna saurin yaɗuwa a nama muddin zafinsa ya haura digiri 4 a ma'aunin Salshiyos, saboda haka aikin farko shi ne cire fata da raba cinyoyi da ƙarfata daga gangar jiki, a rataye su a inuwa inda iska take kaɗawa, musamman kusa da rafi ko a gefen tsaunin da yake fuskantar arewa, wanda rana ba ta cika dukansa ba. Ni dai na fi son hanyar fiɗa da ba a farke ciki, inda ake cire ƙafafu huɗu da naman gadon baya da na wuya da na haƙarƙari daga waje, gefe ɗaya bayan ɗaya, domin ta fi tsabta kuma mutum ɗaya zai iya yin ta.

Doka ma tana da ta cewa a nan. Barin naman da ake ci ya lalace a daji laifi ne a waɗannan jihohi, kuma da yawa daga cikinsu suna buƙatar a bar shaidar jinsin dabbar manne da wani sashe na naman har a isa gida. Akwai kuma ƙa'idojin ɗaukar kai da ƙashin baya daga wani yanki zuwa wani, saboda wata cuta mai rame barewa da elk wadda aka fara lura da ita a Kolorado a 1967. Littafin ƙa'idojin farauta na jihar da za a shiga yana cikin kayan aiki, kuma na wannan shekarar ake karantawa, domin abubuwa suna sauyawa.

Bayan jaka sai takalmi. Wanda zai sauko gangare da kilo 35 a baya yana buƙatar but mai taurin tafi da dogon wuya da zai riƙe idon sawu, kuma ya kasance da ɗan sarari a gaba don kada yatsu su riƙa dukan bakin takalmin har farce ya mutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka sabon takalmi sai ya sha tafiya ta makonni da kaya a baya kafin ya cancanci shiga tsauni. Ina tafiya da safar ulu guda uku, ɗaya a ƙafa, ɗaya tana bushewa a bayan jaka, ɗaya kuma ta barci ce kaɗai, kuma da zarar na ji wani wuri a dunduniya ya fara zafi nakan tsaya nan take in manna filasta tun bororo bai fito ba.

Yanzu ne maganar baka ta zo. Mafi yawan masu wannan farauta suna amfani da baka mai wili a kowane kai, wanda wani mutumin jihar Mizuri mai suna Holless Wilbur Allen ya samu takardar mallakar fasaharsa a 1969. Amfanin wilin shi ne idan aka ja tsarkiya har ƙarshe, nauyin da hannu yake riƙe da shi yakan ragu ƙwarai. Bakan da ƙarfin jansa ya kai laba 70, idan yana sauke kashi 80 cikin ɗari, laba 14 kawai maharbi zai riƙe yana jiran dabba ta fito daga bayan itace. Jihohi suna da mafi ƙarancin ƙarfin da suka yarda da shi: Kolorado ta ce laba 35, Alaska kuma ta ce laba 50 ga manyan dabbobi irin su mus, wani dangin barewa da ya fi elk girma, da beyar mai ruwan ƙasa. Wannan shi ne mafi ƙaranci, amma kuskuren da na fi gani yana wajen sama ne, inda mutum yake ɗaukar bakan da ya fi ƙarfinsa.

Jan laba 70 a filin gwaji da rana, bayan an ci an ƙoshi, daban yake da jan sa a kwana na biyar a tsauni. Na taɓa durƙusawa a bayan wani ɗan kurmi da asuba, raɓa ta daskare a kan ciyawa, na fi minti ashirin ban motsa ba ina sauraron bijimi yana karya rassa yana matsowa. Da ya sa kansa a bayan wani itace na ɗaga baka zan ja, sai kafaɗata ta ƙi, tsarkiyar ta tsaya a rabin hanya, dole na ɗaga bakan sama na yunƙura da dukan jikina. Wannan motsi ya gani, ya juya, ban ƙara jin komai ba sai ƙarar kofatansa a kan duwatsu. Da na dawo gida na sassauta bakan zuwa laba 62. Gwajin da nake ba kowa shawara a kai shi ne ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafafu, ya nufi abin bara da baka, ya ja tsarkiya a hankali kai tsaye zuwa kumatunsa ba tare da ya ɗaga hannu sama ba. Idan bai iya ba, bakan ya yi masa nauyi. Tsawon jan ma sai an auna shi daidai da hannun mai shi, domin idan ya yi yawa tsarkiya za ta riƙa dukan hannun riga mai kauri, kibiya ta kauce.

Lambar gudun da ake rubutawa a jikin baka ba ta cika ɗaukar hankalina ba, domin ana auna ta ne da baka mai laba 70, da jan inci 30, da kibiya marar nauyi mai giren 350, wato kusan giram 23, kuma kaɗan ne suke farauta da irin wannan haɗi. Kibiyar farauta takan yi kamar mita 85 a daƙiƙa, sauti kuwa yana yin kusan mita 340, wato ya ninka ta sau huɗu. Komai gudun baka, ƙararsa za ta riga kibiya isa kunnen dabba, kuma a nisan mita 40 kibiyar tana buƙatar kusan rabin daƙiƙa, wanda ya ishi dabbar da take a tsorace ta durƙusa don zabura. Shi ya sa na fifita baka marar ƙara a kan baka mai gudu, kuma kibiya mai nauyi tana taimakawa a nan, domin tana shanye ƙarfin bakan maimakon ya koma girgiza da amo.

Nauyin kibiya da giren ake auna shi, kuma giren 500 ya yi daidai da kusan giram 32. Masu ƙera baka suna gargaɗin kada a sauka ƙasa da giren 5 ga kowace laba ta ƙarfin ja, don kada bakan ya lahanta. Dokta Ed Ashby, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda kibau suke ratsa jikin manyan dabbobi, ya nuna cewa kibiyar da ta kai giren 650 ta fi iya fasa ƙashi mai kauri, ya kuma ƙarfafa a mayar da nauyi wajen gaba. Ina girmama wannan aiki, amma kibiya mai nauyi haka tana saurin yin ƙasa, kuskuren mita biyu ko uku a ƙiyasin nisa sai ya zama babba. Ni na tsaya a wajen giren 500, inda nake samun ratsawa mai kyau ba tare da tafiyar kibiyar ta lanƙwashe da yawa ba. Taurin sandar kibiya ma dole ya dace da bakan. Lambobin da ake gani a jikinta, irin su 300 da 340 da 400, suna nuna yawan lanƙwasarta ne, don haka ƙaramar lamba ita ce mafi tauri, kuma duk wanda ya ƙara nauyi a kan kibiya yana buƙatar sanda mai tauri fiye da da.

Kan kibiya shi ne kaɗai abin da yake taɓa dabba a cikin duk kayan nan, kuma da zubar jini yake kashewa, don haka kaifinsa ba abin sassauci ba ne. Iri biyu ne: mai ruwa a kafe, da mai ruwan da yake buɗewa idan ya bugi jiki. Na biyun yana tashi kamar kan gwaji, wato kai marar ruwa da ake koyon harbi da shi, kuma yana yin faffaɗan rauni, amma buɗewar tana cin wani kaso na ƙarfin kibiyar, kuma duk abin da yake da gaɓa yana iya ƙin aiki. Ga dabba mai kaurin haƙarƙari kamar elk, ni mai kafaffen ruwa nake ɗaurawa, mai giren 125. Kolorado tana buƙatar faɗinsa ya kai aƙalla bakwai bisa takwas na inci, da bakin yanka biyu na ƙarfe ko fiye. Wajibi ne a gwada harbi da ainihin irin kan da za a yi farauta da shi, domin ruwansa yana kama iska, kuma idan bakan bai daidaitu ba zai sauka nesa da inda kan gwaji yake sauka. Nakan ware biyu don gwaji kaɗai, waɗanda suke cikin kwari kuwa ba sa taɓa komai, kuma kowanne sai ya aske gashin hannuna kafin ya shiga. Kwarin da kansa dole ya rufe ruwan gaba ɗaya, domin mutum yana faɗuwa a tsauni.

Ƙananan abubuwa su ne suke ɓata tafiya. Abin sakin tsarkiya mai kunama da ake ɗaurawa a wuyan hannu yana iya faɗuwa a cikin ciyawa, kuma wanda ya saba da shi ba zai iya harbi da yatsu ba, don haka ina ɗauke da na biyu iri ɗaya sak, wanda na riga na gwada. Ina ɗauke da makullan kusoshin bakan, da ɗan guntun igiyar maɗaurin tsarkiya, da kakin shafa mata, da kan gwaji ɗaya don in tabbatar saiti bai goce ba idan bakan ya bugu da dutse. Kafin tafiya nakan sa alamar farin fenti a kan kowace kusa ta saiti da ta mazaunin kibiya, ta yadda kallo ɗaya zai nuna mini idan wani abu ya motsa.

Na'urar auna nisa tana da muhimmanci a tsauni fiye da fili, kuma dole ta kasance mai lissafa karkata. Abin da yake jan kibiya ƙasa yana aiki ne gwargwadon nisan kwance, saboda haka dabbar da take mita 40 a ƙasan gangare mai karkatar digiri 30, harbinta na kusan mita 35 ne, kuma wanda ya saita a 40 kibiyarsa za ta bi ta sama. Da zarar na zauna a wuri nakan auna itatuwa da duwatsun da ke kewaye in haddace, domin idan bijimi ya iso babu damar ɗaga na'ura. Madubin hangen nesa mai lamba 10x42 yana rataye a ƙirjina, yana kuma rage mini tafiyar banza fiye da kowane abu. Amma abin da na fi taɓawa a yini shi ne 'yar kwalbar farar hoda da ake fesawa don ganin inda iska ta nufa. Hancin elk ba ya yafiya, kuma iskar tsauni tana da ɗabi'arta: da dare da sassafe tana gangarowa ƙasa, idan rana ta dumama gangare sai ta juya ta hau sama, tsakanin biyun kuma takan yi ta jujjuyawa. Ban taɓa ganin tufa ko turaren ɓoye wari da ya ceci wanda iska ta kai warinsa ba.

A kan tufafi ba zan tsawaita ba. Auduga tana shan gumi ta ƙi bushewa, kuma rigar da ta jiƙe a tsaunin da ake iya samun dusar ƙanƙara tun a Satumba haɗari ce ga rai. Ulu marar kauri a jikin fata, da riga mai ɗumi a kai, da rigar ruwa a cikin jaka, sun isa, muddin yadin waje ba ya ƙara idan ya goga da reshe, kuma hannun rigar bai yi faɗin da zai kama tsarkiya ba. Jakar barci a duba lambar da take nuna sanyin da za a iya barci a cikinsa da jin daɗi, a bar ta iyakar sanyin da za a iya jurewa, kuma a tuna cewa ƙasa ta fi iska satar ɗumin jiki, don haka 'yar katifar shimfiɗa mai tsare sanyi tana da daraja daidai da jakar. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ana dogara ne da rafuka da matatar ruwa, kuma irin matatar nan mai siraran zaruruwa a ciki takan lalace idan ta daskare ba tare da ta nuna alama ba, shi ya sa tawa take kwana tare da ni a cikin jakar barci. A abinci nakan fifita mai maiƙo, domin giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko na furotin kuwa 4.

Akwai kayan da nake fatan kada in taɓa buɗe su, amma ba na barin su don rage nauyi. Wayar hannu ba ta samun sabis a waɗannan wurare, don haka ina ɗauke da ƙaramar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan adam, irin inReach ta Garmin, tare da taswirar takarda da kamfas ko da batir zai mutu. Ina ɗauke da ɗaurin tsayar da jini a aljihun da hannu ɗaya zai iya kaiwa, domin mai aiki da wuƙa da dare, a gajiye, yana tare da abin da zai iya yanke jijiyar cinyarsa. A yankunan Montana da Wayomin da Aidaho inda beyar girizili take, gwangwanin feshin barkono yana rataye a ɗamarata, abinci da nama kuma ana rataye su sama da mita 3 daga ƙasa, nesa da tanti da kamar mita 90. Tsawon wurin ma abin lura ne, domin daga mita 2,500 zuwa sama ciwon kai da tashin zuciya da kasala suna iya kama wanda ya hau da gaggawa, kuma a mita 3,000 kowane numfashi yana kawo kusan kashi 70 cikin ɗari ne kawai na iskar da jiki yake samu a bakin teku. Nakan kwana biyu a gindin tsauni kafin in hau.

Duk waɗannan kaya suna komawa ne ga iyakoki biyu da na sa wa kaina. Ta farko ita ce nisan harbi. Ina gwaji har mita 70 don in ga kurakuraina a fili, ina yi a durƙushe, da jaka a baya, da kuma bayan na yi gudu numfashina yana sama, amma ba na sakin kibiya a kan dabba fiye da mita 40, kuma sai ta ba ni gefenta ko ta ɗan juya mini baya, yadda kibiyar za ta ratsa huhu biyu. Bayan harbi nakan ɗaura ƙyalle mai haske a inda na tsaya da inda na gan ta ƙarshe, in jira aƙalla rabin awa, idan kuwa jinin ya yi duhu irin na hanta sai in ba ta awanni, domin dabbar da aka tayar da wuri takan yi nisan da ba za a same ta ba. Ta biyu ita ce nisan shiga daji. Idan ni kaɗai ne kuma ranaku suna da zafi, ba na wuce kilomita 5 daga mota, ko da ina jin bijimai suna kuka a tsaunin gaba.

Bijimin da na samu daga baya ya faɗi ne a irin lokacin da na farko ya faɗi, rana tana gab da ɓacewa. Na kunna fitila, na ajiye ta biyu a kan jaka, na fara da gefen sama, na juya shi da igiya da taimakon wani itace, na sauya ruwan wuƙa sau uku kafin in gama. Wajen ƙarfe ɗaya na dare buhuna biyar suna rataye a kan wata sanda da na gitta tsakanin itatuwa biyu a bakin rafi, iska mai sanyi tana gangarowa ta ƙarƙashinsu. Da asuba, kafin in ɗora kaya na farko a kan firam, na kwance bakin buhun cinya na cusa hannuna har wajen ƙashi, na ji shi da sanyi.